Yaron da yake kwana yana susa: me ake yi wa egzima?

Maman Auta:
Assalamu alaikum iyayen wannan zaure. Don Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa 2 da 'yan watanni. Tun yana jariri wasu ƙuraje suka fito masa a kumatu, yanzu sun koma lanƙwasar hannu, bayan gwiwa da wuya. Wajen ya yi baƙi ya yi kauri, fatar ta bushe ƙamas. Da daddare susa yake yi har sai ya fitar da jini, shi bai yi barci ba, mu ba mu yi ba. A kemis an ba ni wani man shafawa, in na shafa kwana uku sai wajen ya yi fes, da na daina sai ya dawo fiye da da. Da sanyin nan ya shigo kuwa abin ba a magana. Kakarsa ta ce nonon da ya sha ne ba shi da kyau. Akwai wadda ta san maganin da zai rabu da shi gaba ɗaya?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya. Wannan ai kirci ne, 'yata. Ki samu sabulun salo mai kyau ki dirje wajen da soso, ki ɗiga Dettol a ruwan wanka, ruwan kuma ya yi zafi sosai. Mu da haka muka raini namu.

Anti Nas:
Hajiya, ku yi haƙuri zan ɗan saɓa muku. Yadda Maman Auta ta kwatanta, ya yi kama da egzima irin wadda ake haihuwar yaro da halinta. Soso da ruwa mai zafi da sabulu mai kaifi su ne manyan abokan gabarta. Ba dauɗa ba ce da za a kankare. Fatar ce ba ta iya riƙe danshi, kamar katangar ƙasa da yaɓenta ya tsattsage: ruwan ciki yana fita, ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta suna shiga, garkuwar jiki ta harzuƙa, sai ƙaiƙayi. Ya sosa, fatar ta ƙara fashewa, ƙaiƙayin ya ƙaru.

Maman Auta, tambaya biyu. Akwai wani a gidan da yake susa shi ma, musamman tsakanin yatsu da wuyan hannu? Sannan a danginki ko na babansa akwai mai asma, ko mai yawan atishawa da ƙaiƙayin ido in an yi shara?

Maman Auta:
Babu mai susa sai shi kaɗai, Anti, kuma tare suke kwana da yayyensa. Amma babansa yana da asma tun yana yaro.

Anti Nas:
To kin ji. Da ƙazuwa ce da tuni yayyen sun ɗauka, don ita gida guda take kamawa. Egzima ba a ɗauka, ko a gado ɗaya ake kwana, ko da tawul ɗaya ake goge jiki. Ita da asma da mura mai atishawa 'yan gida ɗaya ne, suna bin jini. Ki gaya wa Kaka cikin ladabi cewa nononki ba shi da laifi.

Ɗan Sabon Gari:
Ni fa kun rikita ni. Egzima ba ita ce farare-fararen nan da ke fitowa a ƙirji da baya ba? Na yi ta, na sayi mai a kemis, mako biyu ta tafi.

Malam Famasis:
Ɗan Sabon Gari, ƙyasbi ka yi. A Najeriya kusan kowa egzima yake ce masa, kuma wannan ruɗanin yana sa a sha maganin da ba shi ba. Ƙyasbi wani nau'in fangas ne, kamar yadda makero ma fangas ne, ana kashe shi da magani, ko da yake yana son dawowa in zafi da gumi sun yi yawa. Abin da ke jikin yaron nan daban ne, babu wata ƙwaya da za a kashe a huta.

Maman Auta, ɗauko kwalin man nan ki duba ƙananan rubutun. Ki nemi inda aka rubuta clobetasol ko betamethasone.

Maman Auta:
Na duba, Malam. Na farkon ne a jiki, da wasu sunaye guda biyu a ƙarƙashinsa.

Malam Famasis:
Na yi zargin haka. Irin man nan ne mai haɗi uku: sitiroyid, da maganin fangas, da maganin bakteriya. Biyun ƙarshe yaronki ba ya buƙatarsu. Na farkon ne yake kwantar da ƙaiƙayin, kuma kulobetasol yana sahun mafi ƙarfi a duk sitiroyid ɗin shafawa. Ko babba ba a son ya daɗe yana shafa shi, balle a fuska ko wuyan ɗan shekara 2. Fatar yaro siririya ce, maganin yana ratsawa ya shiga jini. In aka daɗe fata tana yin laushi ta yi sirara, nankarwa ta fito, wajen ya yi haske. Shi ne dalilin da ya sa masu bilicin suke haɗa shi a mansu. A jarirai har kumatu suna iya cikowa a zaci ƙiba ce, alhali maganin ne ya taɓa aikin wasu sinadaran jiki.

In kin daɗe kina shafawa kullum, kar ki yanke lokaci guda da kanki. Ki ɗauki yaron da kwalin ki kai wa likita, shi zai sauko da shi zuwa mai sauƙi.

Baban Yara:
Allah Ya saka, Malam. Shi ya sa ni a gidana na haramta duk wani abu mai sitiroyid. 'Yata tana da wannan matsalar, man kaɗe kawai muke shafa mata. Gara ta yi susarta da a lalata mata fata.

Malam Famasis:
A'a, Alhaji, ba haka na ce ba. Kun tsallake daga wannan gefen kun faɗa wancan. Sitiroyid na shafawa shi ne maganin da ake fara bayarwa in egzima ta tashi, tun shekarun 1950 ake amfani da haidurokotizon, kuma in an bi ƙa'ida ba ya lalata fata. Matsalar ita ce wane iri, a ina, na kwana nawa. Haidurokotizon mai kashi 1 cikin 100 shi ne mai sauƙi, shi ake ba yara a fuska. Na jiki, in ya yi kauri, likita yana iya ba da wanda ya fi shi ƙarfi na mako ɗaya ko biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, a kan wajen da ya tashi kawai.

Har awo gare shi. A matso man daga kan yatsa manuni na babba zuwa gaɓar farko, wannan kusan rabin giram ne, kuma ya isa wajen da ya kai faɗin tafin hannu biyu na babba. Masu tsoro suna ɗan dangwala kaɗan, ba ya aiki, sai su ce maganin banza ne.

Baban Yara:
Amma na ga yaron maƙwabcina, duk inda aka shafa masa ya yi fari-fari. Wannan fa?

Anti Nas:
Alhaji, sau da yawa ba maganin ba ne. A baƙar fata duk inda ya yi kumburi ya warke yana barin tabo, wani ya fi jiki duhu, wani ya fi shi haske, kuma yana ɗaukar watanni kafin ya koma. Barin yarinya tana susa shi ne ma yake ƙara tabon, shi yake sa fatar ta yi kauri ta yi layi-layi. Ga rashin barci. Yaron da bai yi barci ba, a aji ma gyangyaɗi zai yi, a ce ba ya ja.

Wani abu kuma da yake sa a makara: hotunan da ke littattafai da intanet yawanci na Turawa ne, inda wajen yake yin ja. Mu namu ba ya yin ja. Toka-toka yake yi, ko ya yi duhu, ko ya fito ƙananan ƙuraje tsamo-tsamo a bakin kowane gashi. Sai a ga kamar bai yi tsanani ba, alhali yaro yana shan wuya.

Mai Habba:
Salam. Duk wannan dogon Turanci ne. Muna da haɗi na musamman, man zaitun da man habbatus sauda da tafarnuwa, kwana bakwai an rabu da shi har abada da izinin Allah. Mai buƙata ya yi mini magana ta bayan fage.

Admin:
Mai Habba, dokar zaure: ba a talla. Ka kawo hujja a tattauna, amma ban da ciniki.

Anti Nas:
Tafarnuwa a fatar da ta fashe? Ƙona ta za ta yi. Na sha ganin yaran da aka kawo da ƙunar tafarnuwa.

Mai Habba:
To bar tafarnuwa. Zaitun fa? Itaciya ce mai albarka, Alƙur'ani ya faɗa. Ko shi ma za ku ce bai yi ba?

Malam Famasis:
Babu mai musun albarkar zaitun, Malam, ni ma ina ci a gidana. Magana ake ta shafa shi a fatar da katangarta ta riga ta yi rauni. A 2013 masu bincike a Jami'ar Shafil ta Ingila sun wallafa gwajin da suka yi a kan manya: sun shafa man zaitun na 'yan makonni, sai aka ga ya ƙara raunana fatar, har a waɗanda ba su da egzima. Gwajin ƙarami ne, na yarda, amma ya isa ya sa mutum ya yi hattara da fatar jariri. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne “har abada”. Duk wanda ya ce miki kwana bakwai an gama, ko dai akwai sitiroyid ɓoye a haɗin nasa, ko kuma ya dace da lokacin da ciwon zai lafa da kansa. Haka take, ta tashi ta kwanta.

Maman Auta:
Innalillahi. Wato ba ta warkewa ke nan? Haka zai rayu?

Anti Nas:
Kwantar da hankalinki, 'yar uwa. Mafi yawan yara suna samun sauƙi sosai in sun tasa, wasu kafin su gama firamare an manta, wasu sai sun balaga. Wasu kuma tana bin su har girma. Abin da ke hannunki shi ne ki sa kwanakin lafiya su fi na tashi yawa, kuma wannan aikin mai ne, ba na kwana uku ba, na kullum.

Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, minti biyar zuwa goma, ba soso. Sabulu marar ƙamshi, shi ma a hammata da matsematsi da ƙafa kawai. In ya fito kar ki murza tawul, ki ɗan daddanna, tun jikin da sauran danshi ki lafta masa basilin fari marar turare. Ki shafa ta inda gashi ya kwanta. Ki ƙara da rana, ki ƙara kafin barci, a hunturu ko sau huɗu ne bai yi yawa ba. Da cokali mai tsabta za ki riƙa ɗiba, ba da yatsa ba, don kar ki zuba ƙwayoyin cuta a robar. In akwai maganin likita, ki bar kamar rabin awa tsakaninsa da man. Farce a yanke ƙwal. Rigar auduga a ciki, suwaita a sama, kar gashin suwaita ya taɓa fata.

Uwargida a Ingila:
Anti ta faɗi gaskiya, zan ƙara a kan yawan man. Da likitan yarana ya rubuta mana roba mai giram 500 na ɗauka na wata biyu ne. Ashe ƙa'idarsu a nan, yaron da abin ya kama masa jiki sosai yana iya shanye giram 250 zuwa 500 a mako guda. Mu a gida sai a sayi 'yar ƙaramar kwalba a yi ta lallaɓawa har wata uku.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, ku can kyauta ake ba yara. Mu nan rabin kilo kowane sati, da kuɗin wa? Mu man kaɗe muka sani, shi ne daidai aljihun talaka.

Anti Nas:
Man kaɗe tsantsa ba laifi, Ɗan Maraɗi, in jikin yaron ya karɓa. A gwada a ɗan waje kwana biyu tukuna. Wanda nake gudu shi ne wanda aka narka aka zuba masa turare ko humra don ya yi ƙamshi. Man da kake iya saya ka shafa kullum ya fi mai tsadar da za ka riƙa tattali.

Malam Famasis:
Na yarda, sai dai a hunturu ni basilin na fi amincewa da shi, ya fi toshe danshi, kuma wanda ake aunawa a manyan robobi bai kai tsadar da ake zato ba, in dai an tabbatar mai rajistar NAFDAC ne. In bazara ta zo kuma labari ya canja. Gumi da kansa yana tayar da ƙaiƙayi, basilin mai yawa a zafin Afrilu yana iya jawo ƙurajen zafi. Lokacin sai a koma mai marar nauyi da rana, a bar mai kaurin zuwa dare.

Hajiya Babba:
To na ji, na ajiye sosona. Amma ku gaya mata ta hana shi ƙwai da gyaɗa da kifi da madara. Wannan kam ba za ku musa ba.

Anti Nas:
Hajiya, yau dai kun haɗu da 'ya mai gardama, ku yafe ni. Akwai yaran da wani abinci yake tayar musu, gaskiya ne. Alamarsa a fili take: yaro ya ci, cikin mintuna ko awa biyu leɓe ya kumbura, borin jini ya fito, ko amai, ko numfashi ya sarƙe. Wannan a daina ba shi, a ga likita, in numfashi ne a ruga asibiti. Amma a hana ɗan shekara 2 ƙwai da kifi da madara da gyaɗa a kan zato, me ya rage masa? Kunu da tuwo. A garin gudun ƙaiƙayi a jawo tamowa.

Uwargida a Ingila:
Akwai ma binciken da aka yi a Landan, ya fito a 2015, a kan jarirai masu egzima mai tsanani ko waɗanda ƙwai ba ya karɓarsu. Waɗanda aka fara ba abinci mai gyaɗa da wuri, samun rashin jituwa da gyaɗa ya ragu a cikinsu da kusan kashi 80 cikin 100 a kan waɗanda aka hana. Ba ƙwayar gyaɗa ake ba jariri ba, kar ta shaƙe shi, niƙaƙƙiya ce, kuma mai egzima mai tsanani sai likita ya duba shi kafin a fara.

'Yar Gombe:
Tun ɗazu nake karantawa ban yi magana ba. Ni ce yaron nan in ya girma. Tawa ba ta tafi ba, ta tattara ta koma hannu da fatar ido da wuya. Abin da ba a faɗa shi ne abin da mutane suke yi maka. Ka miƙa hannu a gaisa a kalli hannun a kalle ka. A gidan biki an taɓa ware mini kwano. Da aka zo maganar aurena sai da wata a dangin mijin ta tambaya ko ba “babbar cuta” ba ce, kun gane abin da take nufi.

Wanki da omo da wanke-wanke su ne ajalina, sai na sa safar roba da ta auduga a ciki. Baƙin lalle kuwa na yi sallama da shi, wanda ake haɗawa da dayis ɗin gashi. Wannan ko mai lafiyar fata yana iya tayar masa da ƙuraje daidai zanen fulawar. Jan lalle na gargajiya bai taɓa yi mini komai ba. Sannan in hankalina ya tashi, ko jarrabawa ko rashin lafiyar wani, kafin kwana biyu hannun ya faɗa.

Maman Auta:
Allah sarki, Yaya. Alwala fa? Ruwan sanyin asuba ba ya fasa miki hannu?

'Yar Gombe:
Sosai ma. Fulas nake ajiyewa in sirka ruwan. Ina da 'yar robar mai a kusa da darduma da wata a jaka, da na idar da alwala na tsane hannu sai in shafa. Bayan alwala, ba kafinta ba, sai na huta da waswasin ko ruwa ya taɓa fata. Ranar da hannun ya tsage yana jini, hukuncin wannan na kai wa malaminmu ya yi mini bayani, kowa ya tambayi nasa.

Abin da ya canja mini rayuwa shi ne da likitan fata ya ce ko wajen ya kwanta in ci gaba da shafa maganin kwana biyu a mako a wuraren da ya saba tashi. Na fatar ido kuma ya ba ni takurolimus, wanda ba sitiroyid ba ne, ba ya sirantar da fata. Yana ɗan yin zafi kwanakin farko, sai ya daina. Da tsada dai.

Ɗan Sabon Gari:
Ba allura? Wani abokina allura ɗaya ake yi masa a kemis, wata guda bai sosa ba.

Malam Famasis:
Wannan allurar sitiroyid ce, 'yar uwar deksametason da mata suke kira sha-ka-fashe. Za ta kwantar, ta sake shi ya dawo da ƙarfi, a sake yi, a hankali ga hawan jini, ga suga, ga ƙashi ya yi rauni. Ka gaya masa ya daina. Akwai allura ta gaskiya ta egzima, dupilumab, Amurka ta amince da ita a 2017, amma kuɗinta ya fi ƙarfin kusan kowa a nan. Ga waɗanda tasu ta gagari man shafawa akwai tsofaffin magungunan sha masu rage zafin garkuwar jiki, likitan fata ne kaɗai yake ba da su, yana bi da gwajin jini.

Piriton da ake ɗura wa yara kuma ba ya kashe wannan ƙaiƙayin, barci kawai yake sa su. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara 1, kuma ba abin kullum ba ne.

Anti Nas:
Maman Auta, abubuwan da ba a jira da su: in wajen ya fara tsiyayar ruwa, ya yi ɓawo ruwan zuma, ko mugunya ta taru, ƙwayar cuta ta shiga. Mafi haɗari, in kika ga ƙananan ƙuraje masu ruwa iri ɗaya sun fito a tare, suna fashewa suna barin 'yan ramuka, yaro yana kukan zafi ba ƙaiƙayi ba, ga zazzaɓi, musamman kusa da ido, ranar za ki kai shi ko dare ne. Bairos ɗin da ke kawo ƙurajen zazzaɓi a leɓe ne yake bazuwa a fatar. Saboda haka mai irin wannan ƙurjin a baki kar ya sumbaci yaron.

Uwargida a Ingila:
Da wuta! Nan har gargaɗi suke bugawa a jikin robar. Man yana jiƙa riga da zanin gado, in ya bushe a jikinsu, tufafin yana kama wuta nan da nan, wanki ma ba ya fitar da shi duka. Mu da muke jin ɗumi da gawayi a ɗaki, ga kaskon turaren wuta, ga maganin sauro na kunnawa a gefen katifa.

Hajiya Babba:
Wannan kam gaskiya ce. Jikokina da asuba a bakin murhu suke tsugunawa.

Baban Yara:
To ina ake samun likitan fatar? Mu a ƙaramar hukumarmu babu.

Malam Famasis:
Sun yi ƙaranci, Alhaji. Asibitocin koyarwa suna da ranar ganin masu ciwon fata, irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Mutanen Zariya suna zuwa asibitin Saye, na Kano suna zuwa asibitin Bela, inda ake duba masu ciwon fata. Amma ba sai kun kai can ba tukuna. Likitan yara ko na babban asibitin da ke kusa da ku zai iya duba ta ya rubuta mai sauƙin, in ta ƙi ji shi zai tura ku gaba da takarda. Ku ɗauki hoton wajen a waya ranar da ya tashi sosai, don sau da yawa ranar ganin likita sai a tarar ya kwanta. Ku tafi da duk abin da kuka taɓa shafa mata, har man kaɗen.

Baban Yara:
Ranar Laraba ake ganin yara a namu. Zan sa uwarta ta tattara robobin.